Inna Mai Waya, Wadda Ta Sauke Dogo Daga Mota

Tun kafin likita ya iso, Inna Mai Waya ta share ɗakin awon zuciya, ta warware wayoyin na'urarta. Ba ta manna wa mutum su da sanyinsu. Sai ta ɗumama su a tafin hannu tana jansa da hira, don ta ce zuciyar mai jin tsoro gudu take yi, awo ya lalace. Haka take har furfura ta rufe mata kai. Makon nan za ta ajiye aiki.

Ba yabon banza ba ne wannan. A tambayi Dogo, direban tirela.

Yana tsaye a gareji ya yanke jiki ya faɗi, aka kwaso shi asibiti. Likita ya ce a gwada shi a gadon da ake miƙarwa tsaye. Inna na kallon allon na'ura, sai ta ga bugun zuciyarsa yana ja da baya. Gumi ya karyo masa, ido ya juye. Ta kwantar da gadon, ta ɗaga ƙafafunsa har ya farfaɗo.

Ya kama bakin mayafinta. "Inna, ki rufa min asiri. A sake awon ina kwance, ki kai wa likita wancan. Sitiyari ne abincin yarana."

"Ɗana, yaran mutane ma kan hanyar nan suke bi."

Abin da ta gani shi ta kai. Likita ya yi masa bayani da yaren mota: akwai jijiyar da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ita ce birkin zuciya, tasa kuwa takawa take ba a ce ta taka ba. Aka hana shi tuƙi, ya koma kula da lodi. Ya daɗe ba ya gaishe ta, duk zuwan da zai yi. Ita kuwa ba ta fasa tambayarsa yara ba.

Yanzu sun shirya. In ya hango ta sai ya ce, "Ga wadda ta sauke ni daga mota!"

"Da ƙafarka ka sauka, ja'iri, ba a makara ba."

Ke ce, Inna, mai hannu da taushi, mai baki da gaskiya. Kin yarda a yi fushi da ke, ba ki yarda a je ta'aziyya ba. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma da za ku gaji ɗakin nan, ku lallashi mutum iya lallashi, amma abin da zuciyarsa ta faɗa, ku faɗe shi.