Tafin Hannun Ndatsu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Ndatsu a Kontagora ya san da an saki hannu sai ya nemi gefen riga ya goge. Allah ya yi shi da zufar tafin hannu, rani da damina, ko a inuwa yake zaune. Yana saurayi mahaifinsa, Banufe mai sayar da busasshen kifi, ya kai shi koyon ɗinki, telan ya koro shi bayan mako uku saboda shatin yatsu da yake barin wa shaddar mutane. Ya gwada aski, aska ta riƙa zame masa, kuma ba wanda ke wasa da kunnensa. Daga ƙarshe ya samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji. Nan kam ya ce ya iso gida, tunda mai wanki ba a tambayarsa me ya jiƙa masa hannu.

Shekara ashirin da biyu yana wurin. Takardarsa ta firamare ce kawai, amma ya san kowane sinadari da warinsa, ya san malamin da ke manta wuta a kunne. Kuma ba mai raina kansa ba ne. In aka tsokane shi yakan ce, "Ku masu busasshen hannu, me kuka tsinana?"

Sai bana kwalabe biyu masu tsada suka suɓuce masa a wata guda. Shugaban sashen, Malam Abdulsalami, ya kira shi ya ce ƙarshen wata za a mai da shi gadi a bakin ƙofa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ɗakin nan yake so, ba kujerar ƙofa ba.

A lokacin akwai sabuwar malama, Dakta Hamida, da ta dawo daga karatu da wani baƙin fallen roba da take haɗawa da kanta, bai kai ledar burodi kauri ba. Roba ce, amma wutar lantarki na bi ta cikinta. Ta yi masa bayani yana goge tebur: in gefe ɗaya ya sha danshi sai ya kumbura, fallen ya lanƙwashe, in iska ta busar da shi ya miƙe ya kifa.

"Kamar tsoka ke nan, Baba Ndatsu. Ba batir, ba inji. Danshin ne abincinsa."

Ya ce to. Bai gaya mata cewa guntayen da yake kwashewa suna nannaɗewa a yatsunsa ba, don an hana shi taɓa kayan gwaji.

Ranar baje kolin kimiyya ta faɗo tsakiyar bazara. Ga manyan baƙi, ga ɗalibai har bakin taga. Hamida ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda ta ɗora fallen, ya ɗan motsa, takardar ta bushe kafin na baya su leƙo. Ta ƙara ruwa, ya yi yawa, fallen ya manne ya kwanta shiru. Sau uku ana haka. Wani baƙo ya fara latsa waya, Malam Abdulsalami sai duban agogo yake.

Ndatsu ya ajiye tsumma ya ratso mutane.

"Dakta, ba ni busasshen falle guda ɗaya."

"Ndatsu, koma baya," in ji Malam Abdulsalami, "kada ka fasa mana wani abu."

"Wannan ba ya fashewa, ranka ya daɗe."

Hamida ta dube shi, ta dubi hannun da ya buɗe yana sheƙi, nan take ta gane. Ta ɗora masa. Fallen ya ɗaga gefe ɗaya, ya nannaɗe, ya kifa, ya sake tashi, yana ta alkafura a tafin hannunsa kamar kifin da aka fito da shi daga ruwa. Ɗalibai suka sa ihu. Rabin awa yana zagayawa da hannu a buɗe, abin bai tsaya ba. Shi ne ma ke bayanin, Hamida tana gyara masa inda ya zarce. Da baƙon nan mai waya ya tambayi abin da ya shafa, ya ce, "Ba komai, Alhaji. Da shi aka haife ni."

Washegari Malam Abdulsalami ya shigo da kansa, ya ajiye safar hannu ta roba mai kaushi a gefen famfo.

"In za ka ɗauki kwalba, ka sa wannan. Ƙofar kuma mun samu wani."

Daɗi ya cika Ndatsu, amma ya daure ya gyara tsayuwa.

"Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai in Dakta za ta sake nunawa, a riƙa gaya mini da wuri. Ina da aiki a gabana."