Shamuwar Tsamiyar Iya

A shekarun farin nan na farkon saba'in ina aji biyu a jami'a, ina karatun halayyar dabbobi. Malaminmu ya haɗa ni da wani ɗalibi mai neman digiri na biyu, ɗan birni mai babur da ƙaton agogo, wai in zama ɗan rakiyarsa tunda ni mutumin ƙasar Gaya ne. A kan shamuwa yake bincike. Yana so ya gane ko miji da mata ɗaya ne ke komawa sheƙa ɗaya kowace shekara. Aikin damina biyu ne: bana a sa musu zobe mai lamba a ƙafa, baɗi a dawo a duba wa ya koma ina.

To, tsamiyar gidanmu a Kademi babu kamarta. Tun kafin a haifi babana shamuwa ke sheƙa a kanta. A wajenmu ba a jifan shamuwa, ba a taɓa ƙwanta. Ita ke kawo labarin ruwa, gidan da ta zaɓa kuwa ana cewa mai albarka ne. Kakata, Iya, kullum da safe tana sharar kashinsu tana mita, wai baƙin nan ba su da ta ido. Amma yaro ya kuskura ya ɗaga danƙo a gidan, sai ka ga yadda tsohuwa ke bin sa a guje da muciya.

Ranar da muka sauka, Iya ta ƙare masa kallo, ta juyo gare ni da tsokanar da ta saba. "Kai maigidana, baƙon nan naka kallo zai yi ko taɓi?"

Ya riga ni amsawa, har da durƙuso. "Kallo ne kawai, Iya, sai ɗan zobe a ƙafa."

Ta ce zobe kam ado ne. Ta ba shi zaure, ta dama masa fura da hannunta. Muka yi ta kama tsuntsaye da raga muna sa musu zobe, daga Kademi zuwa Balan har Gafasa ta ƙasar Ajingi.

Wata ranar kasuwar Gaya ya aike ni sayayya. Ashe korata ya yi! Na dawo da la'asar na tarar da mutane cirko-cirko a ƙofar gida. Ya ari bindiga ya harbo shamuwa biyu daga tsamiyar, ya farke cikinsu, yana tsinto fara da hantsaki yana jerawa a kan faifan Iya.

"Abin da suke ci nake son gani," ya ce da ni, ko ɗagowa bai yi ba. "Tsuntsu ne fa, ba mutum ba. Kai ma sai ka ce ba ɗan boko ba."

Sauran shamuwar suka tashi suka bar ƙwansu, hankaki suka gama da shi. Sannan ruwa ya ɗauke. Na sani fari ne da ya game ƙasa, ba shi ya riƙe hadari ba. Amma je ka gaya wa mutumin da geronsa ke ƙonewa! Aka ce a gidan Iya aka kashe shamuwa. Matar da ba a suna ba a biki sai da ita, sai ga shi tana shiga taro ana kau da kai.

Na ci gaba da ɗaukar wa baƙon jaka, komai ya ce sai in ce to, Yallaɓai. Faifan nan mai jini da Iya ta jefar bayan danga, na ɗauke na adana. Na san in babu damina ta biyu, zobban nan nasa aikin banza ne.

Da bazara ta kama, kafin shamuwa su iso, na hau keke na bi duk ƙauyen da muka sa zobe. Na durƙusa gaban dagatai da limamai, na ajiye faifan a gabansu, na faɗi abin da ya yi. Ko kalma ban ƙara a kan gaskiya ba.

Ya zo da baburinsa da madubin hangen nesa a wuya. A Balan samari suka tare masa hanya da sanduna. A Gafasa dagaci ya ce ko inuwar bishiya kar a bar shi ya sha. Ga shamuwarsa can sama, zobba na ƙyalli a ƙafafunsu, ba damar ya matsa ya karanta lamba ko ɗaya.

Ya same ni a bakin kasuwa, ido jawur. "Don Allah ɗan'uwa, ka yi musu magana. Aikina gaba ɗaya zai lalace."

Na ce, "Haba Yallaɓai, tsuntsu ne fa."

Daɗin da na ji ranar nan har yau yana bakina. Bai gama digirin ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa ba.

'Ya'yana suna cewa na yi tsanani, in yafe. Su ba su ga abin da na gani ba. Shamuwa ba ta sake sheƙa a tsamiyarmu ba. Amma duk damina, har Allah ya yi mata rasuwa, Iya takan fito da safe da tsintsiyarta, ta ɗaga kai ta duba sama, sannan ta sunkuya ta share ƙasar da babu komai a kanta.