Nauyin Gidan Baba Mati

Baba Mati ya ƙare ƙarfinsa yana haƙar rijiya a ƙauyukan Pauwa. Yanzu gwiwa ta ƙi, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse birni.

Wata rana 'yarsa Nasara, mai karatu a jami'a, ta kira shi a waya. Ta ce akwai taurarin ɗan'adam biyu da ke bin juna a sama, suna auna yadda ƙasa ke jawo abubuwa. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ragu, wurin yakan rage nauyi, su kuwa sai su ji.

Ya dubi ɗakunan da ke rufe.

"To, ki tambaye su," in ji shi, "gidan da kuka bar ni ni kaɗai, shi ma sun ji?"