Motar Baba, Haɗin Kaduna

Shekara bakwai ke nan, amma har yau in na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa haɗe da kumfar sabulu, safiyar nan nake komawa. Baba ya wanke motarsa a ƙofar gidanmu na Fadaman Mada kamar yadda ya saba duk Asabar, ya shigo da bokiti a hannu yana cewa ƙirjinsa ya ɗan yi nauyi. Kafin azahar Allah ya karɓi abinsa. Lokacin da masu ta'aziyya suka fara cika layinmu, ƙasan motar bai gama bushewa ba.

Malam Haruna sunansa, malamin gona ne har ya yi ritaya. Ba mai yawan magana ba ne, sai an taɓo zancen mota. Tasa fara ce, irin matsakaitan nan masu ƙofa huɗu, waɗanda suka fi ƙananan motocin haya amma ba su kai na manya ba. A Kaduna aka haɗa ta, kuma wannan shi ne abin alfaharinsa. In baƙo ya yaba ta, Baba kan shafa bayanta ya ce, "Haɗin gida ce. Wanda ya ɗaura mata ƙafa ya san ramukan hanyarmu."

Yana da amini a Gwallaga, Alhaji Isa mai sayar da taya. Duk Asabar in za mu gonar Tirwun, sai mun tsaya a shagonsa. Ni ina kujerar baya da littafina, gilashi a sauke, su kuma suna kan benci da sauran 'yan majalisa. Alhaji Babarbare ne, Baba Bafulatani, don haka ko gaisuwa ba ta ƙarewa ba a fara tsiya ba.

"Bafulatani, har yanzu wannan saniyar taka ba ta mutu ba?"

"Ta binne uku irin taka, bawana."

Daga nan sai gardama, ita ce dai ta makon jiya. Alhaji ya tsaya a kan cewa kasuwa ba ta ƙarya. Motar da ta fi fita ita ce mota. Yakan ce a dubi titi a gani, ƙirar Japan ta cinye gari, kayan gyaranta ko a ƙauye akwai, kuma in ka gaji da ita ka sayar ba ka faɗi ba. Baba kuma ya ce shi bai sayi mota don ya sayar ba. Darajar mota a wurinsa ita ce ta kai ka gona cikin damina, ta dawo da kai da buhun masara a but ba ta yi nishi ba. Waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano, in ji shi, don ƙasar ƙanƙara aka yi su, shi ya sa cikinsu ke gogar ƙasa tun daga kwanar farko. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. Babu wanda ya taɓa kayar da wani. In rana ta fara zafi, Alhaji ya aika a sayo mini ƙosai, mu wuce.

Ina yawan tambayar kaina me Baba zai ce da ya ga titunan Bauchi na yau. Irin motarsa sai ka yi yawo kafin ka ga guda, ita ma ta zama ta ɗaukar kaya ranar kasuwa. Mai ya yi tsadar da mutum ke tunani sau biyu kafin ya tayar da inji don zuwa gaisuwa. Majalisar ma ta koma cikin waya. Yayana Auwal yakan zauna a falo yana gwada motoci uku a lokaci guda: wannan ta fi farin jini a wurin dillalai, waccan ba ta shan mai, ta ukun kuma tana da arha amma in ka tashi sayarwa sai ka yi ta roƙo. Shi ya nuna mini cewa mota mai suna ɗaya, siffa ɗaya, ana iya haɗa wata a Japan wata a Amurka, sai ka duba farkon lambar jikinta kafin ka san asalinta. Na tuna Baba, wanda a zamaninsa mota tana da gari kamar mutum, ana tambayar ta 'yar ina ce. Ina jin da zai girgiza kai ya ce duniya ta zama kasuwar da ba a san ɗan kowa ba. Sannan, don na san shi, zai jawo kujera ya ce a nuna masa ta ukun nan da kyau.

Da aka zo rabon gado, muka yarda a bar motar a gida. Muka lulluɓe ta da tamfol a gindin dalbejiya. Shekaru suka yi ta wucewa a kanta, ganye na zuba, kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Ni kuwa nakan ɗaga tamfol ɗin wani lokaci da yamma in zauna a kujerar baya, ba don komai ba sai don nan ne kawai duniya ba ta canja ba.

Bara gwiwoyin Umma suka matsa mata. Hawa Keke mai ƙafa uku zuwa asibiti ya zame mata azaba, kowane rami sai ta runtse ido. Auwal ya ce a sayar da ta Baba a cika a sayi wadda za ta riƙa kai ta. Kowa ya yarda, ni kaɗai na ƙi. Na ce wannan ita ce maganar Baba da ta rage a tsaye, in muka musanya ta da ƙirar waje kamar mun tashi a majalisa ne mun ce Alhaji ya yi gaskiya. Auwal bai yi faɗa ba. Ya ce, "Hauwa, Baba ya tafi, Umma kuma tana nan." Umma ba ta sa baki ba, ta ci gaba da hawa Keke, wannan shirun nata kuma ya fi maganar Auwal yi mini nauyi. Duk da haka na yi watanni ina jan ƙafa. A cikin watannin nan ne Alhaji Isa ma ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Daga ƙarshe na ce to a kira Baba Bulus ya duba ta. Shi ne bakaniken Baba tun kafin a haife ni, mutumin Tafawa Ɓalewa, yanzu gashinsa ya yi fari fat. A raina ina fatan ya ce gyara kaɗan take so, sai in ce a gyara wa Umma ita, a bar zancen sayarwa. Ya zo da batir, ya zuba mai, ya yi 'yan taɓe-taɓe. A murɗawa ta uku ta tashi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Na ji hawaye ya zo mini. Na ce, "Ka gani ko, Baba Bulus? Haɗin Kaduna ke nan."

Ya dube ni, ya goge hannunsa da tsumma, ya yi murmushi.

"'Yata, jikin dai na Kaduna ne. Injin nan na Japan ne, ni na ɗaura shi da hannuna. Kina makarantar kwana lokacin. Na asalin ya buga a hanyar gona, muka nemi irinsa mai kyau muka rasa. Babanki ya ce in saka wannan, amma in na faɗa a Gwallaga ba shi ba ni."

Ya ƙara da cewa sauran jikin ya gaji, ba ta asibiti ba ce kuma, sai dai mai kai kaya ƙauye.

Na zauna a kan dakali, dariya da kuka suka haɗe mini. Ashe abin da na yi shekaru ina gadi, mai shi ya daɗe da sassauta masa. Da iyalinsa suka buƙaci mota mai tafiya, bai tsaya kare maganarsa ba, ya saka abin da zai kai mu. Maganar ya bar ta a majalisa, inda take da daɗi. A makon nan na miƙa wa Auwal makulli. Wani mutumin Dass ya saye ta, na tsaya a ƙofa har ta sha kwana. Yanzu Umma tana zuwa asibiti a wata mai ruwan toka, haɗin Amurka, kuma takan yi barci a hanya.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Baba, ba zan ce ƙarfe ba. Ya bar mana son abin gida ba tare da ƙin gaskiya ba, da iya riƙe ra'ayi ba a ɓata zumunci ba. Allah ya kai haske kabarinsa, ya haɗa shi da amininsa a inuwa guda.

Kwanan baya na bi ta garejin Baba Bulus don in gaishe shi. Cikin hira na tambaye shi inda Baba ya samo injin, tunda ba shi da hanya da 'yan Kwatano. Ya ce tunda su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, babu laifi. Abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Alhaji Isa ne ya samo shi, shi ya kawo shi gareji a bayan motarsa, lulluɓe da buhu. Asabar ɗin da ta biyo baya ya zauna a bencinsa, a gaban kowa, ya ci gaba da zagin haɗin Kaduna, Baba na rama masa. Haka suka yi har mutuwa ta raba su.