Matiyu, Ƙafafun Bayan Saniyar Aldwych

Ni na fara ganinsa. In faɗa tun yanzu, kafin masu baki su zo su ce su ma suna wurin. Ba manaja ba, ba 'yan jarida ba, ba ma matarsa ba. Ni Almu, mai hura tukunyar ɗumi a ƙarƙashin gidan wasan nan na bayan Aldwych, wanda dajin Bama na yaƙin Japan bai ci ba, jirgin ruwa ya nutse da shi sau biyu teku ta tofo shi, sanyin London ya gwada shekara talatin ya haƙura. Ban taɓa shiga aji ba ko don fakewa ruwan sama, amma in na dubi mutum sau ɗaya na gama karanta shi. Na dubi Matiyu ranar da ya zo neman aikin shara a sittin da huɗu, na ce a raina, wannan akwai magana a ƙafafunsa.

Ga wanda bai san garin nan da hunturu ba, da Disamba ta kama, rana ta fara faɗuwa tun la'asar, Turawa sai su rasa inda za su sa kansu. Su rataya fitilu a manyan tituna, su ɗaura wuƙaƙe a ƙasan takalmi su tafi zamiya kan ƙanƙara, su biya kuɗi su zauna wata mata ta yi musu ihu da yaren Italiya har awa uku. Duk na gani, ta ƙofar baya, kyauta. Amma abin da ya fi cika gida shi ne fanto, wasan yara na lokacin Kirsimeti, inda ƙato mai ƙasumba ke sa rigar mata, mugu ya laɓaɓo, yara dubu su haɗa baki, "Ga shi nan bayanka!" Fanton gidanmu kuwa ba ya yiwuwa sai da saniya, saniyar kuma mutum biyu ce cikin buhu ɗaya mai zanen baƙi da fari. Na gaba yana tsaye, shi ke da kai, shi ke da ido, shi ake ɗauka hoto. Na baya yana sunkuye, ya riƙe bel ɗin na gaba, ba ya ganin komai sai katakon daɓe ta wata 'yar tsaga a cikin saniyar.

Matiyu ne na baya.

Hunturu goma sha biyar yana fitowa daga ɗakinsa na Old Kent Road ƙarfe sha ɗaya na safe, da filas na shayi da yanka biyu na burodi, don wanda zai sunkuya awa biyu ba ya cika ciki. Ya hau bas ya ƙetare kogi, ya leƙo ramina ya gaishe ni, ya gasa ƙugunsa jikin tukunya, ya taje wutsiyar saniya da hannunsa, don bai yarda kowa ya taɓa masa ita ba. Wasan rana ƙarfe biyu da rabi, na yamma ƙarfe bakwai. Na gabansa wani Bature ne, Reg, mu muna ce masa Raji. A duk shekarun nan alfarma ɗaya Matiyu ya taɓa roƙonsa, cewa ranar aiki kada ya karya da waken gwangwani. Raji bai cika alkawari ba. Matiyu bai kai ƙara ba. In wannan ba haƙuri ba ne, a zo a nuna mini shi.

Yadda ya shiga buhun kuwa, ana gwaji ne, saniya ta kwanta ta tashi da ƙafafun gaba. Matiyu na riƙe da tsintsiya ya ja tsakin da aka ji har kujerun sama. Manaja ya juyo ya ce mene ne. Yaro ya sunkuyar da kai, sai ni na yi masa tafinta, na ɗan ƙara gishiri: "Ya ce jaki kuka yi wa fenti." Domin doki da jaki ne ke tashi ta gaba. Saniya ta baya take fara ɗagowa, in za ta kwanta kuma ta gaba take fara durƙusawa, shurinta na gefe ne. Matiyu a bayan shanun ubansa ya girma can wajen Vom. Manaja ya ce to, malamin shanu, shiga ka nuna mana. Ya shiga. Sai bana ya fito.

Hunturun da masu haƙar kwal suka yi yaji, ana raba wutar lantarki kamar naman layya, wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasan rana. Gida ya yi baƙi ƙirin, yara suka ɓarke da kuka, iyaye suka fara miƙewa, saura ƙiris a tattake juna a ƙofa. Sai aka ji kukan saniya daga cikin duhu, irin na uwa mai kiran maraƙi, a hankali, daga can cikin ƙirji. Aka yi tsit. Wata yarinya ta amsa da kukan ɗan maraƙi, gida duka ya ɗauka, suka yi ta kira da amsa har aka kawo aci-balbal. Matar da ke sayar da askirim tana nan da ranta, a tambaye ta. Kashegari jarida ta buga hoton Raji da kan saniya a hammatarsa. Matiyu ya yanke hoton ya adana, wai ƙafarsa ta hagu ta ɗan fito a gefe.

Amma ranar da nake so a sani ita ce ranar suruki.

Matiyu na neman auren Kaneng, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a nan. Ita ta san aikinsa, har ta sha shafa masa man zafi a gadon baya. Ubanta ne bai sani ba. Da Jang (a wajensu Da ake ce wa dattijo), dillalin shanu a karar Bukuru, wanda kuɗin fetur ya same shi a tsaye, ya samu kwangilar kai nama barikoki, har ya kai matsayin da in idonsa ya yi ƙaiƙayi sai London. Matiyu ya rubuta masa cewa yana aiki a gidan wasa, kullum mutum dubu na tafa masa. Bai yi ƙarya ba. Tsohon ya aiko da amsa layi ɗaya: zai zo ganin likita a Janairu, kuma ba zai ba da 'yarsa ba sai ya ga tafin nan da idonsa.

Matiyu ya sauko ramina kamar an tsamo shi daga kogi.

"Baba Almu, na shiga uku."

"Ka shiga buhu dai. Uku kuma ta mece ce?"

"Mutumin da ke sayen shanu ɗari a mako, in ce masa ni ne gindin guda ɗaya? Ita ma ta ƙyalle?"

"Kaneng ta ce me?"

"Ta ce in faɗa masa. Ita ba ta da abin asara, ubanta ne." Ya kama hannuna. "Ka raka shi, Baba. Ka kai shi kujerun can sama, inda ko mai ido biyu ba ya rarrabe mutum da tsintsiya. Akwai dogari mai hular ƙarfe da ke rufe fuska, ka nuna masa ka ce ni ne."

Na ce na ji. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne mai kuɗin fetur ba ya zama a sama. Tun daga otal ya sa aka kama masa kujera a layin gaba, tsakiya. Ya iso da babbar riga, da kwat mai gashi a kanta, da sanda mai kan azurfa, ya zauna cikin yaran Turawa kamar rimi a gonar gyaɗa.

Aka ɗaga labule.

"Malam Almu, shi ne wancan mai takobi?"

"Da, ai wannan mace ce."

"To, waccan mai kwalliyar fa?"

"Wannan namiji ne."

Ya dube ni. "Wace irin ƙasa kuka zo?"

Da dogari ya fito na nuna shi da haɓa na ce ga naku. Da Jang ya gyaɗa kai, ya ce ba laifi, yana da tsayi. Ban rufe baki ba ɗan banzan dogarin nan ya cire hula don ya sosa kai, sai ga jan gashi kamar gauta ta nuna. Tsoho ya juyo a hankali. Na ce, "Sanyi ne, Da. Yana sauya mutum." Ni da na yi ido huɗu da sojan Japan ban yi gumi irin na ranar ba.

Allah ya taimake ni saniya ta shigo, ya manta da ni. Ya jingina sanda, ya gyara sabon tabarau, ya sunkuyo gaba. Kan saniya na ta kaɗa kunne yana kashe wa yara ido, tsoho ya ce, "Wannan kan bai taɓa ganin ciyawa ba." Sai ta kori ƙuda da wutsiya. Sai ta kai wa mai tatsa shuri ta gefe. Sai ta kwanta, ta ɗago ta baya, ta miƙe ƙafa ɗaya ta karkaɗe, yadda suke yi da asuba. Da Jang ya buga cinya.

"Kai! Akwai ɗan gida a bayan nan!"

Kafin in kama rigarsa ya miƙe. A wurinmu in ɗan wasa ya burge ka ba ka zauna kana tafi kamar maroƙi, tashi kake ka yi masa liƙi. Ya zaro damin sababbin fam ya hau matakala. Mai gadi ya taso, ya ga kuɗi da sanda da kwat, ya zaci cikin wasa ne ya koma. Raji ya hango takardu ya miƙo goshi. Tsoho ya wuce goshin ko kallo bai yi masa ba, ya zagaya baya. Yara dubu suka miƙe tsaye: "Ga shi nan bayanka! Ga shi nan bayanka!"

Shi kuwa Matiyu a ciki bai san me ake ciki ba. Ya ga takardun kuɗi na zubowa kan katako. Ya ji hannu ya dafa ƙugunsa, ya matsa haƙarƙari, ya kama gindin wutsiya ya ɗaga, irin kamun dillalai. Sannan ya ji murya a kan kunnensa, muryar da ya sani tun yana yaro a kara: "Ƙashi mai kyau. Kiwo ne babu."

Ku tsaya ku duba. Fuskarsa a rufe take. Da ya yi shiru ya ci gaba da rawa, ba mahalukin da zai sani. Amma uban Kaneng na tsaye a kansa, shi kuma yana ba shi baya, ƙafa a miƙe? Gwiwoyinsa ba su yi shawara da shi ba. Saniyar da a lokacin ta shekara goma sha ɗaya ba ta yi kuskure ba ta zube ta baya, ta tsuguna. Bel ya ja Raji ya faɗo da baya, kai ya tuɓe ya gangara wurin masu kiɗa. Daga cikin buhu, cikin ladabi, aka ji:

"Sannu da zuwa, Baba. Yaya hanya? Yaya mutanen gida?"

Da Jang ya ja da baya taku ɗaya. Ya dubi gindin saniya, ya dube ni. Amma gaisuwa ba a barinta a ƙasa.

"Lafiya lau. Yaya aiki?"

"Da godiya, Baba."

"Yaya sanyi?"

"Lokacinsa ne, Baba."

Turawa ba su ji kalma ɗaya ba, amma wasu har ƙarƙashin kujera suka shiga don dariya.

Bayan an sauke labule na kai tsoho baya. Matiyu ya fito rabi, jiƙe sharkaf, kofato a ƙafa, ya sake tsugunawa. Da Jang ya dube shi ya ce:

"Wa ya koya maka shurin nan?"

"Wata jar saniyar babana ce, mai karyayyen ƙaho. A nan ta koya mini." Ya nuna ƙwaurinsa.

"Me ya sa ka zauna? Saniya ba ta zama ta baya."

"Baba, kana tsaye."

Tsoho ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Shekara arba'in ina sayen shanu, ban taɓa sayen ɗaya don kanta ba. Baya ake dubawa. Ka turo iyayenka bayan Ista." Ya kai ƙofa ya waiwayo. "In an tambaye ni a Bukuru, harkar shanu kake yi a London. Kada ka ƙaryata ni."

Matiyu, kai ne wanda aka tafa wa hunturu goma sha biyar ba a san wa ake tafa wa ba. Kai ne harsashin gini, sai ka goce a san da kai. Kai ne ka ɗauki rabin saniya da muhimmancin da wasu ba su ɗauki dukan ma'aikatar gwamnati ba. Bana likita ya ce ƙashin bayanka ya isa haka, ka miƙe, Kaneng ta ɓoye kofaton, 'ya'yanka biyu da ke amsa Hausa da Turanci za su fara ganin ubansu a tsaye cikin Disamba. Mun gode. Yaran London sun gode, ko da ba su san sunanka ba. Allah ya ba ka lafiyar ƙugu.

Ku kuma samarinmu da ke sauka filin jirgin Heathrow da jakar hannu da sarƙar agogo, kowa na neman inda za a ɗauke shi hoto, ku je ku gaishe shi. Duk inda aka sa ku, ku yi abin yadda yake, ko ba mai gani.

Wanda kuma ya ce Almu tsufa ya kama shi, ya ƙara ko harafi ɗaya, ƙofar baya a buɗe take, matakala goma sha bakwai zuwa ramina. Manaja na neman sabon na baya, Raji kuma yana nan bai yi ritaya ba. Ka zo ran Asabar, ni zan zuge maka zik da hannuna. In ka kai minti goma ba ka kira sunan uwarka ba, na yarda ƙarya na yi.