Rijiya a Wajen Katanga

Da, cocin ƙauyenmu ko darni ba shi da shi. Ɗaki ne na jar ƙasa a bakin gonar dawa, can wajen Shanono, awakin kowa na kwanciya a inuwarsa. Yanzu duk cocin da ka nufa sai ka tarar da katanga da ƙofar ƙarfe, mai gadi yana tambayarka wurin wa ka zo.

Bayan na daɗe ina aiki a hedikwatar ikilisiyarmu, aka ba ni hutun shekara guda in yi nazari. Abokan aiki sun ɗauka Turai zan tafi. Gida na koma. Na iske majalisar gundumar ikilisiya ta aiko da zanen katangar da za ta kewaye cocin, har da rijiya a ciki.

Rijiyar nan mahaifina ya haƙa ta tare da maƙwabtanmu Musulmi. Duk rani, idan ruwa ya ja baya, gayya ake yi a yashe ta. In bana namu suka shiga ƙasa, Musulmin ke riƙe igiya a sama, baɗi kuma a juya. Na cikin rami ransa yana hannun na sama. Ban taɓa jin an saki igiya ba.

Na yi wa'azi da Fulatanci a Kamaru, na yi da Faransanci a Chadi. A Ingila na zauna wani taron bishara, aka kwana uku ana muhawara kan yadda za a kusanci maƙwabci, alhali mai masaukina bai san sunan na jikin gidansa ba. Mu namu maƙwabcin da ƙafarsa yake zuwa kowace safiya, riƙe da guga, mu kuma muna shirin rufe masa ƙofa. Na san tsoro ne ya kawo katangar, kuma ban raina tsoron ba, don na yi jana'izar waɗanda rikici ya ci. Amma ban ga abin da rijiya ta yi ba.

Ranar da magina suka ja zaren harsashin katangar, na ɗauko kujerata na dasa ta a kan zaren, tsakanin coci da rijiya. Sakataren gunduma, wanda ya kawo su, ya rusuna ya ce, "Baba, hutu kake yi. Kuma dokar nan ta a kewaye duk kadarar coci, kai ka sa mata hannu."

Gaskiyarsa. A ofis na sa hannun, ƙarƙashin fanka, ban tuna da rijiyarmu ba. Na ce, "Ni na yi kuskuren, ni zan zauna a kansa."

Muna cikin haka sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, wanda muka sha riƙe wa juna igiya da ƙuruciya. Ya ce, "Fasto, an ce rijiyar ma za ku mai da ita Kirista?"

Na ce, "Malam, wadda ta tsufa tana ba ka ruwan alwala? Ai ta fi ƙarfin baftisma."

Ya yi dariya, ya shimfiɗa buzunsa kusa da ni. Ya dubi sakatare ya ce, "Ɗana, bana ku ne a ƙasa fa. In kun rufe, wa zai riƙe muku igiya?"

Sakatare ya juyo wurina. Ya ce dole ya kai rahoto, kuma kujerata ta hedikwata ba za ta jira ni ba. Na ce ya rubuta, ya tabbata ya rubuta sunana daidai.

Kwana huɗu ina zuwa da kujerar. A na biyar dattawan cocin suka sa magina suka karkata zaren. Kafin hutuna ya ƙare takarda ta zo, ana gode mini da hidimar da na yi, an ba wani wurina. Ban yi roƙo ba, kuma ko yau ba zan yi ba.

An gina katangar da lanƙwasa a kusurwar gabas. Rijiya tana waje, ana yashe ta tare kamar da. Ni kuma ban sake komawa hedikwata ba.