Kwalbar da Baba ya ƙi karɓa

Likita ya miƙo wa Baba 'yar kwalba, ya ce ya kawo ɗan bayan gida a auna. Baba ya kau da kai.

Ciwon dajin hanji ne ya yi ajalin ƙanensa bara, shi ya sa aka ce 'yan'uwa su zo awo ko ba su jin ciwo. Da ƙyar ni da Inna muka taso shi daga Gwashi.

Na ɗauka kunya ce. Da muka fito na ce, "Baba, ba mai gani sai likita."

Ya ce, "Ba kunya ba ce, Hadiza. In sunka ce akwai shi, da wace zuciya zan koma gona?"

Inna ta koma ciki, ta fito da kwalba biyu. Ta ce, "Malam, ɗaya tawa ce. Duk abin da za a gaya muna, mu ji shi tare."

Ya miƙa hannu ya karɓa.

Yanzu sakamako muke jira. Ashe wani ba awon yake gudu ba, tsoron ya ji amsa shi kaɗai yake yi. Ku ta yaya kuke lallashin dattawanku?